Shekarar da Aka Shafa wa Benen Baba Jan Fenti

Akwai maganar da ta fi shekara arba'in tana yawo a danginmu, kuma na san ta iso kunnenku, domin ba a yin biki ko zaman makoki a Kagoma a watse ba tare da wata tsohuwa ta ja ɗayanku gefe ta raɗa masa ita ba: wai ubanku ya taɓa kai mahaifinsa ƙara wurin hukuma. Gwaggonku Rifkatu ta fi kowa iya ba da labarin, har da kwaikwayon tafiyata. To, maganar gaskiya ce, ni Bulus na kai shi. Abin da ba sa gaya muku shi ne irin nauyin da ke rataye bisa kansa a ranar da na kai shi. Tunda yanzu likita ya hana ni hawa tsani, na sami lokacin da zan zauna in rubuta muku yadda abin ya faru.

Kakanku Ishaya shekara talatin ya yi a reluwe. Ya fara da diga, ya ƙare yana hedman, wato shugaban leburorin da ke gyaran layin dogon da ya nufi Jos. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma bai iya magana a hankali ba, don ya saba yi wa mutane magana jirgi na wucewa. Da ya yi ritaya a shekarar saba'in da shida, sai ya sayi fili kusa da tashar Kafanchan ya ce bene zai gina: ƙasa babban shago guda ɗaya, sama ɗakuna shida, biyu nasa da Mama, huɗu na haya. Tun ba a haƙa tushe ba ya sami mai shiga shagon, wani ɗan kasuwa Mista Nwosu, wanda ya dawo garin bayan yaƙin basasa yana sayen citta yana aikawa kudu. Abu ɗaya Mista Nwosu ya roƙa, kada a sa ginshiƙi a tsakiyar shagon, domin amalanke ta shiga da buhuna ta juya ta fita. Faɗin shagon daga bango zuwa bango ƙafa ashirin da huɗu ne. Ku riƙe wannan faɗin, shi ne tushen rigimar.

Ni lokacin shekarata uku da gama karatun injiniyan gini, ina aiki a Kaduna, mun yi aure da uwarku Hannatu, babbarku Ladi tana goye. Da bakina na ce wa Baba kada ya nemi kowa, ni zan yi masa zane. Siminti ya yi wuyar samu a shekarar, katakon da za a tokare dekin da shi kuma sai wanda ya gani, ga shi ni sai ranar Asabar nake iya zuwa. Saboda haka na tsara abin yadda ba za a yi mini ha'inci a bayan idona ba. A kafa ginshiƙan ƙarfe cikin bango, a gitta manyan ƙarafa a kansu, irin waɗanda muke kira bim, masu zurfin inci goma sha huɗu. Kankaren da zai zama daɓen sama kuwa a zuba shi a ƙasa cikin akwatunan katako, falle-falle kamar ƙyauren ƙofa, kowanne da rodinsa a ciki. In ya yi ƙwari a ɗaga shi da sarƙa a jera bisa bim. Ta haka kowane falle zan gan shi da idona, in ƙwanƙwasa shi, kafin ya hau kan mutane. Na kai zanen ofishin da ke ba da izinin gini a garin, aka buga hatimi, da sunana a ƙasan kowace takarda. Har yau ina alfahari da zanen nan. Ba a taɓa yin irinsa a unguwar ba.

Wata Asabar na sauka daga jirgi na nufi filin, sai na tarar da dogayen ƙarafa jibge ƙarƙashin mangwaro, duk tsatsa. Tsofaffin ƙarafan layin dogo ne da aka cire aka yi gwanjonsu. Baba na tsaye da ƙafa ɗaya a kansu kamar maharbin da ya kashe ɓauna, birkilanmu Tanko da leburori sun kewaye shi.

"Injiniya, zo ka gani," in ji shi. "Wancan bim naka na Kaduna, ka aika a bar shi. Ga ƙarfe."

"Baba, wannan ba zai yi ba."

"Me ya sa ba zai yi ba?"

"Zai lanƙwashe. Faɗin ya yi masa yawa."

"Wannan ƙarfe?" Ya buga shi da diddige. "Jirgin kwal ya bi kansa safe da yamma tun kana tsotson nono. Kan jirgi kaɗai ya fi wannan gini nauyi. Abin da ya ɗauki jirgi, shi zai kasa ɗaukar gadon uwarka?"

Leburori suka bushe da dariya. Ni kuma yaro ne mai sabuwar takarda, dariyar ta hau mini kai. Na zaro littafin lissafi daga jaka na shiga karanta masa lambobi da Turanci, yana kallona kamar mai kallon kare na haushin mota. Da na ga lambobin ba su shiga ba, sai na rufe littafin na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nakan ji kunya.

"Baba, wannan ba aikin diga da shebur ba ne."

Dariya ta tsaya cak. Tanko ya sunkuya yana neman abin da bai yar ba. Baba ya sauke ƙafarsa ya tafi gida. Ni a wautata na ɗauka na ci nasara.

Watanni biyu da suka biyo baya aiki ya tafi lafiya, kuma Mama ce ta riƙe shi. Kakarku Saratu ba ta iya karatu ba sai na littafin waƙoƙin coci, wanda ta haddace, amma ita kaɗai ce a gidan ta tambaye ni dalilin abu. Na gaya mata kankare sai ya sha ruwa kwana ashirin da takwas kafin ya kai ƙarfinsa, in rana ta busar da shi da wuri zai yi kyau a ido amma cikinsa ya zama gari. Ta ce ta ji. Ta karɓo tsofaffin buhunan citta wurin Mista Nwosu ta lulluɓe kowane falle, ita da ƙawayenta biyu na zumuntar matan coci suna jiƙa su safe da yamma. Kowane jeri da aka zuba tana da ƙwaryarsa, kullum ta jefa tsakuwa ɗaya. Ranar da Tanko ya zo da sarƙa zai ɗaga jerin farko bayan kwana goma, ta zauna a kai ta miƙe ƙafa.

"Tanko, ko wake in bai nuna ba, ba a sauke shi. Saura goma sha takwas."

"Mama, ya bushe. Taɓa ki ji."

"Ni ban ce bai bushe ba. Na ce saura goma sha takwas."

Ana cikin haka aka tura ni wajen Birnin Gwari duba wata gada, mako shida ban leƙo gida ba. Kafin in tafi na yi odar bim a Kaduna, na gaya wa Tanko kada a ɗora komai sai na dawo. A mako na biyar wasiƙar Rifkatu ta same ni. Malamar firamare ce lokacin, tana zaune da su Baba. Ta cika shafi biyu da labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu, sa'an nan a can ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Yaya, gini yana tafiya da sauri sosai, Baba ya ce kada a gaya maka."

Na iso ana yayyafi. Tun daga bakin titi na hango an rufe saman shagon. Baba ya aika Kaduna da sunana an fasa odar bim, ya sa an yanka ƙarafan jirgin nan an gitta su, an jera duka fallayen kankaren Mama a kansu, har an fara jibge bulo a sama don bangon ɗakuna. Na shiga ciki na ɗaga kai na dubi ƙarafan. Na ɗaure igiya daga wannan bango zuwa wancan, na auna a tsakiya. Ƙarfen ya sauko kusan inci uku, tun ba a ɗora bango ba, ba rufi, ba mutum, ba ko tukunya. Bakin kowane falle yatsa biyu kacal ya hau kan ƙarfen, kuma duk lokacin da ƙarfen ya ƙara sauka, yatsa biyun nan raguwa suke yi. Ga tsofaffin ramukan noti a jikinsa, wasu har sun fara tsagewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mata huɗu masu sayar da doya da gyaɗa da suka shigo fakewa daga ruwa, sun baje kayansu a tsakiyar shagon suna hira, ɗaya tana ba jariri nono.

Na kore su kamar mahaukaci, suna zagina da yare uku. Na juya kan Tanko.

"Ban ce maka kada a ɗora komai ba?"

"Ka ce. Amma kai Injiniya ne, shi kuma mai gini. In kai ne ni, wa za ka bi?"

Kwana uku ina bin Baba. Na roƙe shi a ɗaki, na roƙe shi a gona, na ce ko ginshiƙi ɗaya ya bari in sa a ƙarƙashin kowane ƙarfe. Ya ce ya riga ya ba Mista Nwosu magana, shi kuma bai taɓa cin maganarsa ba. Na ce to a sauke bulon da ke sama, a toshe ƙofa kada kowa ya shiga. Ya ce ranar Litinin Tanko zai fara bango. Na je wurin Fasto Bitrus, ya zo ya yi addu'a mai tsawo a kan zaman lafiyar iyali, ya sha kunu, ya tafi. Duk abin da na faɗa, amsar Baba ɗaya ce.

"Ni ɗan diga ne. Me na sani?"

Litinin da safe na sa riga na tafi ofishin izinin gini. Mai kula da wurin dattijo ne, ya san Baba tun suna samari. Na ajiye masa zanen, na ce abin da aka gina ba shi ne wannan ba, na janye sunana, kuma ginin zai iya kashe mutane. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"Yaro, ka san in na rubuta wannan, ba ya gogewa?"

"Na sani."

"Ba takardar nake nufi ba."

Kafin azahar ma'aikatansa sun zo da gwangwanin jan fenti, suka zana ƙaton gicciye a gaban shagon, suka rubuta A TSAYA da baƙaƙen da ake iya karantawa daga dandalin tasha. Duk wanda ya sauka daga jirgi sai ya gani. Tsofaffin abokan aikin Baba suka gani. Kafin yamma labari ya kai Fadan Kagoma, kuma a hanya ya yi ƙiba: wai na sa an kama shi, wai ina son in ƙwace filin. Rifkatu ta tsaya a tsakar gida tana tafa hannu tana cewa boko ya cinye mini kai. Na ce ba ke kika rubuto mini ba? Ta ce ita cewa ta yi in zo in gani, ba ta ce in zo da fenti ba. Uwarku ma, da na zaci za ta tsaya mini, da na aika mata sai ta amso da cewa ita yanzu da wace fuska za ta shiga gidan surukai.

Baba kuwa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari ya ɗauki kujerarsa ta katako mai jingina, ya kai ta tsakiyar shagon, daidai ƙarƙashin ƙarfen da ya fi sauka, ya zauna. Da rediyonsa da Littafi Mai Tsarki. Daga safe har faɗuwar rana, kullum. Mutane na wucewa suna gaishe shi, yana amsawa da ƙarfi, yana nuna sama da sanda yana cewa su duba, ko ya faɗo? Na ɗauki hutu a wurin aiki na zauna a garin, ina tsaye a bakin ƙofa kamar ɗan sanda ina hana yara shiga, ina kallon ubana a ƙarƙashin abin da na san lissafinsa. In jirgin kaya ya wuce sai ƙasa ta yi rawa, in ga ƙura tana zubowa daga tsakanin fallayen a kan hularsa, shi ko sai ya kaɗe ta ya ci gaba da karatu. Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a kwanakin nan ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na rame har wando ya daina zama mini.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawan ikilisiya suka zaunar da mu. Suka fara da ni, aka karanta mini doka ta biyar, ta girmama iyaye, har sau biyu. Da aka ba ni dama na ce abu ɗaya nake roƙo, a gwada ginin. A jera duro takwas a sama, a cika su da ruwa ɗaya bayan ɗaya daga kan bango da tiyo, ba kowa a kai, ba kowa a ƙasa. Nauyin duro takwas bai kai na bango da mutane da kayansu ba. In ƙarfen ya ɗauka bai ƙara sauka ba, ni da hannuna zan kankare fentin, in durƙusa gaban ikilisiya. Baba ya ce ya yarda, a ɗora ko ashirin ne.

Asabar da hantsi rabin unguwa ta taru. Tanko ya jera duro, ya hau kan bango da tiyo a hannu. Na juya don in tabbata ba kowa a ciki, sai ga Baba a kujerarsa.

"Baba, ka fito za a fara."

"Ku fara."

"An ce ba kowa a ƙasa."

"Kai ka ce. Ni na ce a ɗora, ban ce zan tashi ba."

Fasto ya roƙe shi, dattawa suka roƙe shi, Mista Nwosu ya cire hula ya ce shi ya yafe, a sa ginshiƙi goma ma ya yarda. Baba ya ƙara murɗa rediyo. Na zauna a kan bulo na riƙe kai, don na rasa abin yi, kuma in gaya muku gaskiya, a zuciyata har na fara tunanin in kira leburori mu ɗauke shi da kujerar gaba ɗaya, abin da da ya gama raba mu har abada.

Sai ga Mama ta ratso taron da tabarma a hammata da tiren acca a ka. Ba ta kalli kowa ba. Ta shiga shagon, ta shimfiɗa tabarmar a gefen kujerarsa, ta zauna, ta fara tsince tsakuwa daga cikin acca.

"Saratu, me kike yi a nan?"

"Aiki nake yi."

"Tashi ki fita."

"Don me? Ba ka ce yana da ƙarfi ba? Inuwa ne mai kyau. Tanko! Zuba ruwa."

"Kada ka zuba!" Baba ya daka tsawa har rediyon ya faɗi daga cinyarsa. "Saratu, na ce ki fita."

"Baban Bulus, shekara talatin da biyar inda ka kwana nan na kwana. In wurin nan ya isa ka zauna, ya isa ni ma. In bai isa ni ba, ka faɗa da bakinka mutane su ji."

Baba ya dubi sama, ya dube ta, ya sake duban sama. Sa'an nan ya miƙe, ya kama ta a hannu kamar yarinya, ya ja ta waje, tana cewa ya bari ta ɗauki tirenta. Bai bari ba.

Tanko ya fara zubawa. Na riga na kafa sanda mai zane a tsakiya, muna hango ta daga ƙofa. Duro na farko, na biyu, ƙarfen yana sauka a hankali kamar reshen da 'ya'ya suka yi wa yawa. A na huɗu muka ji ƙas, siririyar tsaga ta bayyana a bakin wani falle, ɓarɓashi ya zubo cikin accar Mama. Mata suka yi salati, wasu suka kira sunan Yesu. Tanko na cikin na biyar Baba ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya sa aka jingina tsani a bango ta waje, ya hau da kansa, ya kwantar da kuncinsa a kan ƙarshen ƙarfen, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa ɗayan tsawonsa. Haka na sha ganinsa yana yi a bakin layi ina yaro in na kai masa abinci. Ya daɗe a haka. Da ya sauko bai kalle ni ba, dattawa ya fuskanta.

"Layi ya rataya," in ji shi. "In ruwa ya cinye ƙasa a ƙarƙashin layi, haka yake yi. Ƙarfe yana nan lafiya, amma ba abin da ya tokare shi. In na ga haka, jan tuta nake kafawa, ko jirgin gwamna ne ba zai wuce ba. Tanko, zubar da ruwa."

Ina tsaye na ji kamar an mare ni. Abin da na kasa faɗa masa da littafi da lambobi ke nan, cewa ƙarfen jirgi yana ɗaukar jirgi ne don kowane taku akwai abin da ya tallafe shi daga ƙasa. Ya fi ni sanin haka. Da tun ranar mangwaro na tambaye shi abin da yake yi in ruwa ya wanke ƙarƙashin layi, da shi da kansa zai ba ni amsa, da ba a sayi fenti ba.

Kada ku zaci daga nan aka rungumi juna. An sauke fallayen ɗaya bayan ɗaya, bakwai sun tsage aka zubar, Mama ta sake jiƙa wasu bakwai da ƙwaryarta. Bim bai iso ba sai bayan wata biyar. Mista Nwosu ba zai iya jira ba, kakar citta ta zo, ya kama wani shago a bayan kasuwa, kuma bai dawo ba. Ƙarafan jirgin aka yayyanka su gajeru aka sa bisa ƙofofi da tagogi, inda suke aikinsu lafiya har gobe. Baba kuwa tun daga wannan damina har Ista bai yi mini magana ba. Muna zaune a tabarma ɗaya zai ce, "Saratu, gaya wa Injiniya yashi ya ƙare." Ranar da na kai wa Mama kuka na ce ai kowa ya ga ni ke da gaskiya, sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"Fenti, ruwan sama zai wanke shi. Wancan magana na diga fa, wa zai wanke? Takalmin da ka sa ka tafi makaranta, a ina ka ce ya fito?"

Na je na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar diga. A kan zuwa ofis kuwa ban ba shi ba, kuma ko yau aka mai da ni ranar Litinin ɗin nan zan sake sa riga in tafi. Ya ce, "Na ji." Shi ke nan abin da na samu. Har ya koma ga Ubangiji, in zai nuna ni ga baƙo sai ya ce, "Wannan shi ne Bulus, ɗana na fari, wanda ya kai ni ƙara." Yana faɗa yana murmushi, amma bai taɓa mantawa ya faɗa ba.

An gama ginin ƙarshen shekarar da ta biyo. Ranar da za a yi addu'ar buɗe gida, mutane sun cika shagon, an dafa shinkafa da fate, sai aka nemi Baba aka rasa. Can muka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ya samo ƙaramar guduma, ya sa an riƙe masa tsani, yana bin notin da suka ɗaure bim da ginshiƙai yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Notin nan ni da kaina na bi su da sufana har sau biyu. Fasto na jira, abinci na hucewa, shi ko bai tsallake ko ɗaya ba. A kusurwar baya ya buga wani, ya tsaya, ya sake bugawa.

"Injiniya. Wannan ya saki."

"Baba, ba zai yiwu ba. Ni na ɗaure shi."

"Hau ka gani."

Na hau da sabuwar rigata a gaban jama'a, na sa sufana, na ja. Notin ya juya. Bai kai rabin zagaye ba, kuma ko an bar shi haka ba abin da zai sami ginin, na rantse muku. Amma ya juya, kowa kuma ya gani.

Da aka zo addu'a Fasto ya ce mai gida ya rufe. Baba ya miƙe ya cire hula, ya buɗe muryar nan tasa da ake ji daga tasha.

"Ubangiji, mun gode maka da ka ba yaro ilimi. Mun kuma gode da ka bar tsoho da kunne."

Jama'a suka ce Amin. Ni ma na ce, amma a ciki-ciki. Mama ta mintsine ni a cinya, na sake faɗa da ƙarfi.